Miyar Mai Tasha a Deptford

Duk wanda ya zauna a kudancin Landan a shekarun da arzikin man fetur ya ɓarke a Najeriya, in dai yana jin Hausa kuma yana da ciki, to ya san Maharazu Kuku. Gajere ne kakkaura, mai sanƙo har ƙeya, ga murya kamar yana kiran wani a hayin kogi ko da kuwa gishiri yake tambaya. Shagonsa na cikin wani lungu da ya ɓalle daga kasuwar Deptford, tsakanin wani Bature mai gyaran takalma da wata tsohuwa mai sayar da tsofaffin labule. Teburan ba su da yawa, kujerun kuwa kowace da inda aka samo ta. A saman ƙofa akwai koren allo da aka rubuta MAI TASHA da farin fenti.

Mai Tasha mahaifiyarsa ce. Sunanta Murja, amma ba wanda ke kiranta haka, domin ta ƙare rayuwarta tana sayar da tuwo da miyar taushe a tashar jirgin ƙasa ta Zariya. Maharazu ne autanta, a gindin murhunta ya tashi. Da ya tasa, yayyensa maza suka kama kafinta da ɗinki, shi kuwa ya maƙale wa tukunya, aka yi masa dariya har aka gaji aka ƙyale shi. Ya yi kuku a gidan wani Bature a Kaduna, daga nan ya zarce Ikko, daga Ikko ya shiga jirgin ruwa yana dafa wa matuƙa, ya yi ta zagaya duniya cikin wani kicin da ko juyawa ba ya iya yi a ciki. Yana tsakiyar teku Allah ya yi wa Inna rasuwa. Kafin labari ya iske shi har an yi sadakar arba'in. Abin nan bai taɓa barin zuciyarsa ba, shi ya sa ranar da ya bar aikin ruwa ya kama shago, bai yi shawara da kowa ba kan sunan da zai sa masa.

Matarsa Jane 'yar unguwar ce, doguwa ce har sai ya ɗaga kai in zai yi mata faɗa, don haka ba ya yawan yi. Hausar kicin ta zauna mata daram: kawo ludayi, wuta ta yi yawa, kai dai ka cika surutu. Ita ce ma ta ceci miyar taushen. Kabewa akwai ta a wurin 'yan Jamaika, alayyahu akwai, gyaɗa ga ta nan niƙaƙƙiya a kwalba, shinkafar tuwo kuwa ya gano gajeruwar nan da Turawa ke dafawa da madara. Yakuwa ce ta gagara. Ran nan Jane ta dawo daga lambun babanta da wani jan kara mai tsami da suke kira rubab, wanda su suke dafawa da sukari. Maharazu ya gutsura, ya yamutsa fuska, ya yi 'yan ƙidaye-ƙidaye kamar mai lissafin gado, sannan ya yayyanka ya watsa a miya. Tun daga ranar bai ƙara yi wa kowa kukan yakuwa ba.

A tsallaken lungun akwai gidan giya. Wata rana masu gidan suka fito da allo suka jingine, wai kullum da yamma akwai awa guda ta farin ciki, wato lokacin da suke sassauta farashi. Maharazu ya tsaya bakin ƙofa ya karanta, ya ƙwala wa Jane kira.

"Zo ki ga ikon Allah. Su farin cikin nasu awa ɗaya ce tak a yini, ita ma sai da kwalba? To mu ma daga yau muna da happy hour, amma tamu da shayi."

Tasa ba ta bin agogo, la'asar take bi. Da an sallame salla a ɗan ɗakin baya sai a haɗe tebura, a dire ƙatuwar butar shayi mai citta da kanumfari, kyauta ga duk wanda ya shigo, ƙosai na fitowa daga mai, tuwo na biye da shi. Da yake la'asar ɗin Landan ba ta zama wuri guda, da hunturu ta faɗo tun rana ba ta yi nisa ba, da bazara ta ja har mutum ya fara fushi, maƙwabta sun kasa gane kan lamarin. Mai gyaran takalma ya daina tambaya. In ya ji hayaniya ta tashi sai ya ajiye guduma ya shigo da kofinsa.

Zamanin nan gwamnati na ta turo mutane kwas kamar ana korarsu. Ɗalibai, nas-nas, akawuna masu sababbin kwat da ba su gama sabawa da su ba, kowa in dafaffen dankali mara gishiri ya ishe shi sai hancinsa ya kawo shi Deptford. Attajiran da suka sayi gidaje a can ƙetaren kogi ma sukan turo direba da langa. Daga baya suka fara zuwa da kansu, domin tuwon da aka kai gida ba ya zuwa da hira.

Abin da ya riƙe wurin kuwa santi ne. Kowa ya san santi: abinci ya ratsa mutum har kansa ya kwance, ya buɗe baki ya saki maganar da ba ta da kai ba ta da gindi. To a Mai Tasha an mai da abin shari'a. Alƙalin shi ne Bot, mutumin Jos, kwandastan bas a hanyar Old Kent Road, wanda Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan Kano gishiri. Yana cin nasa, kunnensa na kan kowa. Da ya ji magana ta kauce hanya sai ya buga cokali a jikin kofi ya ce, "Santi!" wuri ya ɗauka, wanda aka kama ya tashi ya zagaya yana zuba wa jama'a shayi.

Ba wanda ya tsira. Dokta Almu, mai karatun aikin ƙashi, mutum mai ji da kansa, ya taɓa kai loma ya lumshe ido ya ce shi fa a ganinsa kogin Thames bai kama ƙafar Kubanni ta Zariya ba. Wani akawu ya rantse in ya koma gida zai saya wa Maharazu jirgin sama. Mai gyaran takalma kansa, yana tsakiyar cin ƙosai, ya ce da Turanci zai auri duk matar da ta ƙirƙiro wake, Jane ta fassara, shi ma ya tashi ya zuba shayi. Maharazu yakan tsaya a ƙofar kicin riƙe da muciya yana dariya har da hawaye. Bai taɓa tambayar kowa ko abinci ya yi daɗi ba, cokalin Bot ya isar masa.

Haka aka yi ta tafiya har bazarar 1976, shekarar da zafi ya sauka a Landan har ciyawar filaye ta ƙone. Turawa suka yi laushi suna fifita da jarida, mutanen Mai Tasha kuwa suna cewa yanzu ne garin ya fara hankali. A wannan bazarar Yaya Rakiya ta zo.

Ita ce babbar yayar su Maharazu, ita ta gaji murhun Inna a tasha har ƙafa ta hana ta. Yanzu kuma yanar ido ta rufe mata gani, sai ɗanta Badaru, ma'aikacin gwamnati a Kaduna wanda zamani ya yi da shi, ya kawo ta wani asibitin ido a yi mata aiki. Mace ce mai tsadar magana, kuma ba ta yabon girkin kowa. A Zariya amare kan rufe tukunya su zauna a kai in sun ji sallamarta. Ba wanda ya taɓa jin ta yi santi, ko tana yarinya.

Maharazu ya tare ta a ƙofar shago, ya durƙusa har ƙasa a bakin titi, da sanƙonsa da furfurarsa. Ta dafa kansa.

"Auta, ka tsufa."

"Sannu da hanya, Yaya. Ya mutanen gida?"

Ta amsa a taƙaice, ta ɗaga kai tana ƙanƙance ido wajen allon. Da yake ba ta kiran sunan ɗan fari, sai ta ce da Badaru, "Yaron nan, karanta min abin da ke can sama." Ya karanta mata.

"To, ashe gaskiya ake faɗa a gida," in ji ta. "Auta, sunan Inna ka rataye a titin Turawa, kowane mashayi ya fito daga can ya karanta?"

"Don tunawa da ita ne, Yaya."

"Da addu'a ake tunawa da mamaci. An kuma ce min wani kara da ake zuba wa sukari kake sawa a miya ka ce taushe ce. Zan ci. In miyarta ce, ban da ta cewa. In ba ita ba ce, kafin in koma za ka sauke allon nan, ka sa sunanka ko na matarka."

"To, Yaya."

Wanda bai san gidansu ba zai ce ai shagonsa ne, ina ruwan tsohuwa. Amma tun da Inna ta kwanta dama Yaya ce uwa, in ta ce a sauke, da ƙafarsa zai hau tsani. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne bai ga Inna ba da ta rasu, bai ɗauki makararta ba, bai ma san ta wane gefe kabarinta yake ba. Allon nan ne kaɗai abin da ya taɓa yi mata, kuma tsoron rasa shi ya kama shi sosai.

Washegari ya ƙi buɗe shago. Ya bi ɗaliban da ba su daɗe da saukowa ba har ya samo busasshiyar yakuwa a jakar wani, ya samo daddawar gida da man shanu a wurin wata nas. Jane ta shigo da rubab ɗinta, ya ce ta fita da shi kada ma warinsa ya taɓa tukunya. Ya rage wuta, ya kafa ƙafa a gaban murhu, yana juyawa yana ɗanɗanawa, ko ƙofar kicin bai leƙa ba. Aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, aka fito da farantin da tun ranar aurensu ba a taɓa ci a ciki ba.

Yaya Rakiya ta yi bisimilla, ta kai loma kaɗan, ta nemi ruwan wanke hannu.

"Sannu da ƙoƙari, Auta."

Duk wanda ya taɓa girki ya san abin da wannan gaisuwa take nufi. Amma ya daure ya tambaya, "Yaya, ta yi?"

"Miya ce mai kyau. Ko gidan gwamna aka kai ta ba za a ji kunya ba. Amma ba ta Inna ba ce."

Kashegari aka kwantar da ita a asibiti. Shago ya buɗe, la'asar ta ci gaba da zuwa, ana haɗa tebura ana buga cokali, amma dariyar ƙofar kicin ta ɗauke. Maharazu ya rame a tsaye. Yana juya miya yana tambayar kansa me ya rage. Kanwa ce? Ruwan garin ne? Ko hayaƙin itace ne da gas ba ya bayarwa? Ya je ya aro tsani wurin mai gyaran takalma ya jingine a bayan shago. Jane ta gani ta ce, "Kai dai ka cika gaggawa, bari ta fito tukuna." Bot kuwa ya yi ta ƙoƙarin sa shi dariya, har ya yi santin ƙarya ya kama kansa da kansa, amma a banza.

Ranar Asabar ɗin da aka sallame ta ba wanda ya sanar da shi. Kuma ranar ce aka sauke wasu sababbin 'yan kwas daga gida, wani ya yi musu kwatance, suka kwaso jiki gaba ɗaya suka cika shagon har bakin titi. Wannan na neman ƙarin tuwo, wancan na tambayar alƙibla, wani ya rungume Maharazu wai ya san wansa kafinta a Tudun Wada. Ga ƙosai a mai, ga buta ta ƙare, ga zafi. Yana can tsakiyar jama'a da kwanuka a hannu biyu sai hancinsa ya jiyo ƙauri. Ya ruga kicin ya sauke tukunya, amma ina, miya ta riga ta kama ƙasa. Ba ta ƙone ba, ta dai kama, kuma ga rubab ɗin Jane a ciki, tunda yakuwar ta ƙare tun ran nan.

Yana tsaye yana salati sai ya ji shagon ya yi tsit. Ya leƙo. Ga Yaya Rakiya a bakin ƙofa, Badaru na riƙe da hannunta, an rufe mata ido ɗaya da auduga, ta ɗora baƙin tabarau a kai. Mutane suka dare suka ba ta kujera.

"Kawu, sorry, ban yi maka waya ba," in ji Badaru. "Na ce mu wuce flat ta huta, ta ce sam."

"Auta," in ji ta, "yunwa nake ji. Tun da aka kwantar da ni ganye suke ba ni kamar akuya. Zubo abin da ke akwai."

"Yaya, ki ɗan ba ni lokaci in ɗora miki wata. Wannan ta jama'a ce, kuma..."

"Ni ba jama'a ba ce? Zubo."

Maharazu ya tsaya yana jan ƙafa. Jane ce ta wuce shi, ta ɗauki kwanon da kowa ke ci a ciki, ta sa malmala, ta zuba miya, ta kai ta durƙusa ta ajiye kamar yadda ta ga ana yi. Maharazu ya jingina da ƙofar kicin ya sunkuyar da kai. A ransa ya riga ya sauke allon, abin da ya rage kawai ya ji da bakinta.

Ta kai lomar farko ta tsaya. Ta kai ta biyu. Daga nan ba ta ƙara tsayawa ba, ta gyara zama, ta ture gyalenta baya, ta duƙufa. Da jama'a suka ga tsohuwa ta kama gabanta sai hira ta fara dawowa ƙasa-ƙasa, cokula suka ci gaba da ƙara. Can miyar kwanonta ta ƙare, da sauran tuwo. Ba ta juya kai ba, sai ta ɗaga kwanon ta miƙa shi gefe, yadda yaro ke miƙawa, ta ce da wata murya da ba wanda ya san tana da ita:

"Inna, ƙaro min miya, ta ƙasan, kafin jirgin Kano ya iso."

Hannun Bot ya kai kan cokali ya tsaya. Ya dubi Maharazu, ya dubi Badaru, ya janye hannun a hankali. Wa zai kama Hajiya da santi, ranar da ta fito daga asibiti, a kan sunan mamaciya?

Ita kanta ta ji abin da ta faɗa. Kwanon ya ɗan jima a sama. Sannan ta juyo da idonta ɗaya wajen Bot.

"Kai mai cokali, ba kai aka ce min ne alƙalin wurin nan ba? Me kake jira? Ko shari'ar taku tana duban fuska ne?"

Bot ya miƙe tsaye, ya cire hular aikinsa, ya buga cokalin a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Santi."

Wuri ya kece. Dokta Almu ya kwanta a kan tebur, 'yan kwas na tafi ba su ma gama gane abin da ya faru ba, mai gyaran takalma na ta jan Jane yana cewa a fassara masa. Yaya Rakiya da ba a san haƙoranta ba a Zariya ta yi ta dariya har kafaɗunta na rawa, Badaru na roƙonta, "Hajiya, ɗinkin! Likita ya ce ki yi a hankali!" Ta ce ya rabu da ita, idonta ne.

Da ƙura ta lafa ta ce, "Auta, matso." Ya zo ya durƙusa a gefen kujerarta.

"Ran nan da ka dafa min, tsayawa ka yi a kanta ko?"

"Ko nan da can ban matsa ba, Yaya."

"Shi ya sa. Yaushe Inna ta taɓa samun tsayawa a kan tukunya? Jirgi na tsayawa sai gudu, wannan taga, waccan taga, kafin ta dawo miya ta kama ƙasa. Kullum haka. Ni da na gaje ta sai na ga aibi ne, na yi ta tsarewa kada ta kama, ana ta yabona." Ta share ƙasan tabarau da bakin gyale. "Tun da ta rasu nake jin miyata da saura, ban san me na rasa ba sai yau."

Maharazu ya miƙe. Ya karɓi kwanon ya shiga kicin, ya karkata tukunya ya sa ludayi ya kankaro ta ƙasan, mai duhu-duhu, wadda ɗazu yake jin kunyarta. Hawaye na zuba bai tsaya sharewa ba, farin ciki ne da kewa suka haɗe masa wuri guda. Ya fito da kwanon a hannu biyu, ya sake durƙusawa.

"Yaya, to allon fa?"

"Bar shi inda yake, Auta," in ji ta. "Ni da na zo in ƙwato sunanta, ashe ta riga ni zuwa garin nan."

Ta karɓi kwanon, ta gutsuro tuwon da ya rage, ta ce ya ja kujera ya sa hannu su ci tare.